Tukunyar da Na Shuka wa Fure

A gidanmu na Rafin Guza ba a fara tatsuniya sai Kaka Ladi ta gama da tukunyarta. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, kuma a cikinta ake dama kunun kanwar kowace mai jego a danginmu. Takan wanke ta, ta kife ta a gefen murhu har ta bushe, sannan ta shafe ta da man gyaɗa ciki da bai. Mu jikoki muna zaune muna mutsu-mutsu, hayaƙi na sa mu hawaye.

"Ke Hanatu, uwar gaggawa," takan ce mini, "tatsuniya ba ta da ƙafar gudu. To ga ta nan, ku tare ta."

Wadda na fi so ita ce ta Gatari mai fariya. Wai ya sare kuka, ya sare gawo, har ya ce duk duniya babu mai iya masa. Ran nan ya gaji, ya kwanta cikin taɓo a bakin rafi. Sai waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu, waɗanda ido ba ya gani, suka ce, "Baba Gatari, ɗan sam mana jikinka mana." Ya tuntsire da dariya, ya ce su ci iya cikinsu. Da damina ta wuce ya tashi zai sari karan dawa, sai ya ruguje.

Na girma na zama mai binciken waɗannan halittun. Shekara da shekaru ina ɗakin gwaji, ina bin yadda ƙwayoyin da ke cikin laka suke cinye bututun ruwa da tankunan ƙarfe. Da Kaka ta rasu, dangi suka ce a ba ni tukunyar, wai ni ce na san ƙarfe. To ni a Unguwar Rimi da gas nake girki. Sai na cika ta da ƙasa, na shuka fure, na ajiye a bakin ƙofa ina ba shi ruwa safe da yamma. Baƙi na yabawa, ni kuwa kaina na ƙara girma.

Bana ƙanwata Rifkatu ta haihu, Mama ta zo ɗaukar tukunya. Muna juye ƙasar, baƙar laka ta zubo da warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin da na fi kowa sani a wurin aiki. Mama ta ɗaga tukunyar sama, hasken rana ya ratso ta gindinta ya sauka a fuskarta.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka tatsuniyar ce ta nuna mini abin da zan karanta, ashe ban taɓa tambayar kaina wane ne Gatari ba.

"Ba komai, Dakta," in ji Mama a hankali. "Ma ara a maƙwabta."

Ba ta taɓa kirana Dakta ba sai ran nan.