Gaisuwar Mutuwar Babana, Yana Zaune

Babana mai gyaran keke ne a Sabon Gari, amma ba da wannan Minna ta san shi ba. An san shi da jakin Malam.

Malam ɗin nan malamin makaranta ne, gidansa a Dutsen Kura. Duk hutun rani sai ya ɗauki sanda ya bi ƙauyuka a ƙafa, ya dawo ya rubuta littafin ban dariya. Ba ya hawa mota, wai daga cikin mota ba a ganin wautar mutane da kyau. Baba ne ke riƙe masa jaka da buta. A littattafan Malam bai taɓa kiran sunan Baba ba, sai dai "jakina". Jakina ya ci, jakina ya faɗi, jakina ya yi kuka.

Kar ku ɗauka a hanya yake tsintar abin dariyar. Haɗa shi yake yi. In sun isa rafi sai ya ce wa Baba ruwan iya gwiwa ne, alhali ya san ya kai wuya, ya koma gindin bishiya yana kallo. In sun sauka wani gida an kawo sakwara da nama, sai ya raɗa wa maigidan cewa abokinsa azumi yake. Daga bakin Baba na ji duk wannan, yana ba mu labari yana dariya har da hawaye. Ni kam ko murmushi. Na tsani mutumin nan, na tsani ɗan gemun da yake shafawa in mugunta ta taso masa.

Baba bai yi boko ba, amma ya san abin da ake rubutawa, tunda yaran makaranta kukan jaki suke masa in sun wuce rumfarsa. Na taɓa ce masa, "Baba, wulaƙanta ka fa yake yi."

Ya ce, "Ke yarinya ce. Duk faɗin garin nan wa Malam ya zaɓa? Ni."

Wannan zaɓin shi ne abin taƙamarsa a duniya. Hutu na matsowa zai goge butar nan da toka har ta yi ƙyalli.

Ana cikin yaƙin basasa kurkunu ya fito masa a ƙafa, sanadin ruwan kududdufin da suka sha a yawo. Ciwon ya warke, gwiwa ta sandare. Malam ya zo dubiya sau ɗaya, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Tashi ka taka in gani." Baba ya ja ƙafa zuwa bakin zaure ya dawo. Malam ya shafa gemu, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fice.

Bayan shekara, wata safiya, sai ga wani dattijo daga wajen Kuta, maigidan da su Baba suke sauka wurinsa, da doya da zabi a hannu. Gaisuwar mutuwa ya zo mana. Jikansa ɗan makaranta ne ya karanta masa sabon littafin Malam, inda jakin ya ci doya har ciki ya fashe, aka binne shi a gindin ɗorawa. Dattijon yana ɗaga kai ya ga Baba zaune yana facin taya. Ya saki zabin yana salati. Kafin mako ya ƙare mun karɓi masu gaisuwa iri-iri, na gaske da na iya shege. Wasu daga titi suke ɗaga murya, "Allah ya jiƙan ka!"

Duk da haka hutu na zuwa Baba ya goge buta, ya ce in raka shi Dutsen Kura. Mun tarar da Malam yana ɗaure jaka, wani ƙaton mutum tsaye a gefensa.

Baba ya ce, "Malam, ga ni. A hankali zan iya."

Malam ya ce, "Haba mutumina, ai an riga an buga. In aka gan ka a bayana me zan ce wa masu karatu?" Ya karɓi butar ya miƙa wa ƙaton, suka kama hanya.

Wallahi ji na yi kamar in jefe shi da dutse. Baba ya ja ƙafarsa muka dawo gida. Da la'asar ya aike ni na aro littafin, ya ce in karanta masa wurin da ya mutu. Na karanta har ƙarshe.

Can ya ce, "Da aka binne ni, Malam ya yi kuka?"

Na ce, "A'a, Baba. Ya ce kayansa ne suka yi masa nauyi."

Ya ce, "Sake dubawa, ƙila kin tsallake layi."