Harsasan da Sarel Ya Ƙi

Ka tambayi kowa daga garin Carnarvon har garin Loxton wa ya fi hannu a harbin barewa, kafin ka rufe baki zai ce maka Sarel Maritz. Shekara arba'in da ɗaya yana zama a layin maharba, kuma a ka yake harbi don kada nama ya ɓaci. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma yana ba ni haushi, shi ne duk harsashin da ya taɓa fita daga bakin bindigar nan tun da ya yi aure matarsa ce ta ɗura shi. Sunanta Hendrika, amma tun tana da sauran baƙin gashi kowa Tanni Drika yake ce mata, wato Inna Drika.

Kafin aure a kantin magani take aiki a cikin gari, tana auna garin magani a ɗan sikeli. Da ta tare a gonar tumakin Sarel, sai ta same shi wata rana yana fama da albarushi da yatsun nan nasa kamar rogo, rabi a kwanso rabi a ƙasa. Ta tsaya ta kalla har ta gaji.

"Matsa can, don Allah. Da wannan awon naka sai ka tashi gidan da mu a ciki."

Ya matsa, bai kuma sake zama a kujerar ba. Ita ke wanke kwanson da aka harba, ta mayar da shi daidai a injin matsi, ta sa masa sabon maɓallin wuta a gindi, ta auna albarushi ƙwaya-ƙwaya, ta danna kan harsashin. In ta gama, ta ɗauki biyar ta je bayan famfon da iska ke juyawa ya jawo ruwa, ta ɗora bindiga a buhun yashi ta gwada a takarda. Dabba kuwa ba ta taɓa harba ba, ko dilan da ke ci musu ƴan tumaki.

Aiki ɗaya Sarel ya riƙe wa kansa, shi ne tantancewa. Tsinin harsashin farauta dalma ce mai laushi. In ya daɗe a aljihu, ko ya sha buguwa a cikin bindiga duk sanda ta yi tsalle, sai ya dakushe ko ya karkace. Sarel ya tsani wannan kamar me. Yakan tsaya bakin taga ya ɗaga harsashi ɗaya-ɗaya yana juyawa a haske, wanda ya lotse ko kaɗan ya ajiye shi a wani tsohon gwangwanin biskit. "Wannan ba zai je inda aka aike shi ba," in ji shi.

Wata shekara da kayan ɗuri suka yi wuya, takaicin gwangwanin nan ya ishi Drika. Ta ɗebi goma daga ciki ta gwada a taki ɗari biyu. Duk goman suka taru wuri ɗaya, akwatin ashana zai rufe su. Ta ce ƙila sa'a ce. Ta sake, har da waɗanda ta ƙwanƙwasa wa tsini da gangan kafin ta ɗura, kusan babu bambanci. Sai da ta kankare gindin kan harsashin da wuƙa, wurin da kwanso ke ɓoyewa ba mai dubawa, sannan ta ga harbi ya watse.

Ta yi shiru da bakinta. Faɗa ɗin me zai ƙara? Mutum yana son tsayuwarsa a taga, yana jin shi ma da hannunsa a aikin, ba wanda yake cuta. Ta bar masa abinsa, har shekara talatin.

Bara ne abu ya fara canjawa. A farautar lokacin sanyi Sarel ya sami barewa biyu a tumbi maimakon a ka, ta uku kuma ya karya mata ƙafa ta gudu, sai bayan kwana biyu aka tsince ta, hankaki sun riga kowa. Ya dawo gida ko kofi bai sha ba.

"Tsini ne," ya ce. "Harsashin da ke can ƙasa a cikin bindiga ya sha duka. Da na duba."

"Haka ne, tsoho," in ji Drika. Ta san ba haka ba ne.

Bana an sa farautar ranar Asabar a gonar maƙwabcinsu Lourens. Maharba za su zauna bayan ƴan kurmi nesa da juna, mahaya dawaki su koro musu garke. Babban mahayin shi ne Jafta Olyn, shi ma dattijo, wanda ya fi shekara talatin yana koro wa Sarel barewa. Dokinsa ja ne, kusan launin barewar, kuma a gaban Sarel kaɗai yake yarda ya bi garke kurkusa, domin ya amince da hannunsa.

Ran Alhamis Drika ta ajiye harsashi arba'in a tire, Sarel ya tsaya a taga. Tana goge sikeli tana kallonsa ta gefen ido. Ya ɗaga ɗaya mai tsini kamar allura, ya juya, ya tsuke baki, ya sa a gwangwani. Ya ɗaga wani da ya faɗi ƙasa da safe, hancinsa a baje, wanda ita ta manta ta cire. Ya juya shi sau biyu, ya gyaɗa kai, ya mayar cikin masu kyau.

Ta ajiye sikelin. Ashe mutumin nan ba ya ganin abin da ke tsakanin yatsunsa, yi kawai yake. Kuma jibi zai ɗora ido a madubin hangen nesa na bindiga, Jafta na bayan garke a kan jan doki.

Ta yi tunanin ƙarya. Ta ce albarushin ya sha sanyi, ko ta ɓoye mabuɗin akwatin bindiga. Amma Lourens zai ara masa wata, mutumin kirki ne har ya yi yawa. Kuma ta gaji. Shekara talatin tana lallaɓa abu ɗaya, ga inda ya kawo su.

Ran Juma'a da hantsi ta ɗauko gwangwanin ta dire a tebur.

"Tashi mu je bayan famfo."

"Yin me? Ba kin gwada ba?"

"Ka dai tashi. Ƙafarka ba ta lotse ba tukuna."

Ta manna takarda biyu a taki ɗari biyu. Ta zaɓi biyar mafi muni a gwangwanin, ta sa masa a tafin hannu ya shafa da babban yatsa.

"Haba tsohuwa, waɗannan ai sai dai a jefi kare da su."

Ta karɓe su. Ta zauna ta harba biyar ɗin a hankali, ta je ta ciro takardar ta miƙa masa. Ya kai ta kusa da hanci, sannan ya lalubi hujin da yatsa. Biyar ne, suna taɓa juna.

"Sa'a ce," ya ce, amma muryar ba ƙarfi.

"To ga naka, biyar da babu kamarsu. Ga takarda can."

Ya zauna, ya gyara kafaɗa yadda ya saba. Zaman nan nasa har yau yana da kyau, abin ya ba ta tausayi. Ya daɗe ido a madubi. Ya ɗago ya goge gilashin da gefen riga, ya koma. Yatsansa ya je kan kunamar bindigar ya dawo.

"Drika," ya ce, bai juyo ba. "Baƙin ɗigon, kin sa shi kuwa?"

"Na sa. Kamar bakin kofi girmansa."

Ya janye ido daga madubin. Famfo yana ta ƙiƙi-ƙaƙa a bayansu.

"Tun yaushe kika san zancen tsinin?"

"Tun shekarar da kaya suka yi wuya."

"Shekara talatin kina kallona a taga kamar wawa?"

"Ba kamar wawa ba. Kamar mijina."

"Idon fa?"

Da ta so ta ce jiya, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. "Tun bara," ta ce. "Tun barewar nan mai ƙafa uku. Na sani na ce maka haka ne, tsini ne. Ba don kai kaɗai na yi shiru ba, Sarel. In ka ajiye bindiga, ni wa zan ɗura wa? Na ji tsoron rasa kujerata, na bar Jafta a gaban bindigarka shekara guda. Ina jin kunyar abin."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya zaro harsasan ɗaya-ɗaya ya jera a kan buhu. Sannan ya danna wani ɗan maɓalli, ya zare sakatar bindigar gaba ɗaya, ƙarfen da in babu shi bindiga sanda ce kawai, ya miƙo mata.

"Ki ajiye inda ba zan gani ba."

"Ko a tsakiyar tebur na ajiye ai ya ɓuya."

Ya yi wata ƴar dariya ta hanci, ita kuwa hawaye ne suka zubo mata, ta bar su. Ya dafa buhun ya miƙe, ya kaɗe gwiwa.

"Ki kira Lourens ki ce ya ba wani wurina. Jafta kuwa kar ki aika masa kowa. Ni zan je in gaya masa da bakina abin da ya yi ta bi ta gabansa bara." Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin mota, ya riƙe shi jim, sannan shi ma ya sa mata a hannu. "Ke za ki tuƙa."