Karyar da Alhaji Ba Ya So

Ni mai faci ne a Bolori. Aji huɗu na yi a firamare aka cire ni, saboda haka duk mai neman Hausa mai ado ya nemi wani. Maganata a kan wata karya ce, macen kare nake nufi. Ku riƙe kalmar nan da kyau, don ita ta cuce ni.

Babana mafarauci ne. Daga yamma ya zo Maiduguri yana saurayi, da bindigar toka da karnuka biyu. Bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Karnuka ya bari, jajaye, sirara, masu tsayayyen kunne da naɗaɗɗiyar wutsiya. Uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, haka suka yi ta tafiya a hannunmu. Da daji ya gagari shiga farauta ta mutu. Wasu na rabar, wasu cuta ta kwashe, mota ta take ɗaya a gabana. Aka wayi gari saura guda. 'Yar ja muke ce mata. Ba suna ba ne, launinta ne kawai.

Da rana tana ƙarƙashin bencina a bakin titi, in na tashi ta biyo ni ta kwanta a zauren gidan da muke haya. Ban taɓa barin ta shiga ɗaki ba. Kaskonta daban, ruwanta daban. Duk da haka matata ba ta sonta. In 'yar ja ta shinshini bokiti, ranar sai na sha magana har abinci ya huce.

Akwai wani tsohon malamin makaranta, Kirista daga kudancin Borno, yana zaune a Jiddari Polo. Ticha muke ce masa. Tsohuwar motarsa ba ta sati biyu ba ta sha ƙusa ba, don haka mun saba. Ɗansa ya aiko masa da wani ƙaton kare mai baƙin baya, irin na 'yan sanda, wai har da takarda. A takardar an rubuta ubansa da kakansa da kakan kakansa. Ni da nake mutum ban san sunan kakan babana ba.

Wata rana ina cire masa taya, ya tsaya yana kallon 'yar ja, sai ya ce, "Mai faci, ka san wannan taka ta fi nawa asali?"

Na ce, "Ticha, in ba'a za ka yi min, bari in gama aikin tukuna."

"Wallahi ba ba'a ba ce. Duk karnukan duniya kakansu ɗaya, naman daji ne."

"Kura?"

"A'a."

"Dila ke nan."

"Ba dila ba." Ya faɗi wata kalma da Turanci, ya ga ban motsa ba, sai ya ce, "Kerkeci. Amma ba kerkecin dajinmu ba, wani ne na ƙasashen sanyi."

Na ajiye guduma. Na ce to kerkecin da ba kerkeci ba, wa ya ɗauko shi ya kawo Borno? Ya ce da ƙafarsa ya zo, yana bin mutane, shekaru dubbai, tun kafin a san noma. Wai mutanen da suna yar da ƙashi a bayan bukka, wanda bai cika tsoro ba ya matso ya ɗauka, ɗansa ya fi shi matsowa, har aka kai ga wanda ya kwanta a ƙofa. Na ce mutum ne ya kama shi ko shi ya kawo kansa? Ya ce masanan ma ba su daidaita ba. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ne.

Sai ya zo kan nasa. Ya ce yawancin waɗannan masu takarda jiya-jiya Turawa suka ƙirƙire su. Su haɗa mai doguwar ƙafa da mai doguwar ƙafa, mai gashi da mai gashi, su rubuta a littafi, su ba shi suna. Irin 'yar ja kuwa ba wanda ya taɓa zaɓa musu miji. Haka suke a garuruwanmu tun kafin a buɗe littafin.

Rabin maganar ban gane ba. Ta yaya abin da yake cin mutum zai koma mai gadin mutum? Ta yaya ɗan ƙaramin nan mai kama da tsumma da nake gani a motar manya zai zama ɗan'uwan 'yar ja? Amma ɗayan rabin ya shige ni. Shekara hamsin ba wanda ya taɓa gaya min cewa abin da babana ya bari yana da wata daraja. Na koma gida kaina ya kumbura.

Mai gidan da muke haya wani tsohon Alhaji ne Babarbare, ɗan kasuwar huluna, yana zaune a Gomari. Yakan leƙo jifa-jifa ya duba gini. Hausarsa ta kasuwa ce, tana kai shi inda yake so, shi ke nan. Bai taɓa haɗuwa da 'yar ja ba, don in ya zo muna wurin aiki. Ranar kuwa ya yi sammako, ya tarar da ita a miƙe a zaure.

Muka gaisa, na ce masa wushe, sannu ke nan a yarensu, ya amsa. Sai ya nuna ta da sanda. "Mai faci, wannan kare naka ne?"

Da na ce eh na yi shiru, da yanzu ba na wannan rubutun. Amma sai Ticha ya hau min baki.

Na ce, "Alhaji, ai wannan ba irin karen da ka sani ba ne. Jikar kerkeci ce. Kakanninta daga ƙasar ƙanƙara suka tako da ƙafa har Borno. Ta fi karen Turawa asali."

Alhaji ya dube ni. Ya dubi 'yar ja, wadda a lokacin ta ɗaga ƙafa tana sosa kaska a kunne. Ya sake dubana, ya yi salati.

"Ka ji, mai faci. Ni da karya ba ma zama gida ɗaya. Ba na son karya. In kana son gidana, ka bar karya."

Ya juya ya fita.

Matata tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta ce, "To, maigida, ka dai ji da kunnenka. Ko ita ko mu." Yara biyar gare mu. Tun da mutanen ƙauye suka cika garin nan, wanda ya rasa ɗaki ya san abin da ya rasa. Na kwana uku ina juya abin, ban ga ƙofa ba.

Na ɗaura mata igiya muka taka har Jiddari Polo. Ticha ya ce ba komai, fili yana nan. Sai matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Ina za a kai wannan?"

Ticha ya ce, "Mama, na ɗan lokaci ne."

"Ba a gidan nan ba. Ɗanmu ya ce kada a bar wata ta kusanci karensa, iri zai ɓaci."

"Namiji ne fa. Me zai ɓaci a jikinsa?"

"In ta zuba mana 'yan kwikwiyo marasa takarda, kai za ka goya su?"

Na ce, "Ticha, ba kai ka ce tawa ta fi asali ba?"

Ya sosa ƙeya. "A tarihi, mai faci."

"A gidan nan fa?"

Matarsa yake kallo. Ƙaton karen yana cikin keji yana ta haushi kamar zai tsaga waya, 'yar ja ko kallonsa ba ta yi ba.

A ƙarshe wani direban motar itace da nake yi wa faci ya ce ƙaninsa yana da gona ta hanyar Damboa, yana neman kare. Ta ƙi hawa motar. Ni na ɗaga ta da hannuna na ɗora, na ɗaure ta da robar da na yanko daga tsohuwar taya. Ba ta yi kuka ba. Kallona kawai take har motar ta sha kwana.

Bayan sati biyu Alhaji ya dawo duba wata katanga. Ya tsaya a zaure yana waige-waige.

"Ina kare?"

"Na bayar, Alhaji."

"Subhanallahi! Wa ya ce ka bayar? Masu haya sun gaya min tun da yana nan ko takalmi ba a ɗauka ba. Babana ma da karnuka ya yi kiwo."

"Kai ka ce in bar karya."

"Eh, karya! Kai babba da furfura ka tsaya gabana ka ce kare ya zo daga kankara da kafa. Wannan ba karya ba ne? Yara suna jinka!"

Kankara. Kafa. Sai a lokacin kunnena ya buɗe. Ƙarya yake nufi, ƙaryar baki. A garin nan aka haife ni. Na san Barebari da yawa ba sa matse wannan harafin, ƙofa su ce kofa, ƙasa su ce kasa. Ni kaina in ina ciniki da su haka nake yi. Amma ranar ga kare a kwance a gabanmu, ga mutum yana cewa karya, me za ka ɗauka?

Na bar aiki na tafi kasuwar itace neman direban. Sai a rana ta uku na same shi. Ya ce, "Kai, mai faci, ai ba ta kai gonar ba. Ta cinye robar ta dira a hanya. Wurin kuma ka san ba wurin tsayawa ba ne."

Da na ba Ticha labari, sai ya sa yatsa a ƙurar da ke kan motarsa ya zana harafi biyu, ɗaya da 'yar ƙugiya a ka. Ya ce, "Ka ga wannan? Ita ce duk bambancin."

Na ce, "A baki ina ake ganin ƙugiya?" Ya share haruffan da tafin hannu. Na ce, "To gaya min, abin da na faɗa wa Alhaji ƙarya ne ko gaskiya?"

Ya ce gaskiya ne, sai dai na ɗan ƙara gishiri.

Ka ji fa. An kore ta saboda ƙaryar da ba ƙarya ba, kuma wanda ya kore ta ya ce bai kore ta ba.

Matata ma ba ta bar ni na huta a kan wannan ba. Ta ce ita ta leƙo ta kafar ƙofa ranar, kuma karen yake kallo lokacin da ya yi maganar. Wai daga baya ne da masu haya suka yi masa ƙorafi ya juya zancen. Na ce to kankara da kafa fa? Ta ce wannan daban. Na yi niyyar in sake tambayar Alhaji, amma ko na tambaya, kalmar nan dai zai maimaita min, yadda bakinsa ya iya.

Kaskonta yana nan ƙarƙashin benci, yanzu ruwan gwada taya nake zubawa a ciki. Duk jan kare da ya gitta ta wajen bola sai na ɗaga kai. Rannan na tambayi Ticha, in tana raye a dajin ta haihu, 'ya'yanta za su koma kerkeci? Ya ce a'a, abin ba ya komawa baya, karnuka za su zama, sai dai ba na kowa ba.

Na ce masa ya matsar da motarsa, akwai mai jira.