Bibi Tuba, Mai Rera Zanen Darduma a Garin Rawar

Da an idar da sallar asuba Bibi Tuba kan sha shayinta da ƙwayar sukari a kumatu, ta hau katakon da ke gaban masaƙa, takardar zane a cinya. Sai ta ɗaga murya: "Uku ja, biyu shuɗi, tsallake ɗaya!" Mata huɗu su amsa, "Mun ƙulla!" Shekara hamsin da biyu ke nan a garinmu Rawar. Ita ke rera zanen, su suna ƙulla zaren ulu, kowane fure na jikin dardumar ta bakinta ya fito. Makon jiya ta ajiye aiki, idanu sun gaji. Ni kuwa na rantse ba za ta tafi shiru ba!

Na koyar a makaranta shekara talatin, kuma akwai zancen da ya daɗe yana ba ni haushi. Wai da gangan masu saƙarmu ke barin kuskure a darduma, don Allah ne kaɗai ba ya kuskure. Zance mai daɗi a bakin dillali! Ni dai ban taɓa ganin macen da ta yi wata goma a zaune sannan ta ɓata aikinta don tawali'u ba.

Ina wurin ranar da aka gano wani reshen fure ya karkace a babbar dardumar Haji Asadulla, mai masaƙar. A ɓangaren Marziye ne, bazawara mai 'ya'ya uku, wadda ba ta cika shekara da fara aiki ba.

"Gobe kada ki zo," in ji Haji. "Kuskuren kuma a bar shi, za mu ce na tawali'u ne."

Bibi ta kwashe da dariya. "Haji, in na tawali'u ne, don me kake korar mai tawali'un?"

"Bibi, ba ruwanki."

"Da ruwana mana. Ni na rera biyu a wurin uku. Abin da 'yar nan ta ji shi ta ƙulla." Ta juya wajen matan. "Layi arba'in za mu warware."

"Wayyo bayana!" in ji Ozra, mafi tsufa a cikinsu.

"Tun kina amarya kike kukan bayan nan, Ozra, matso," in ji Bibi.

Kwana tara suna warwarewa, ƙulli ɗaya bayan ɗaya, Bibi ce kan gaba. Kafin ranar duk Rawar cewa ake yi ba ta taɓa kuskuren lissafi ba. Wannan sunan ta zubar a gaban kowa, Marziye kuwa ta ƙara shekara goma sha tara a masaƙar, ta ciyar da 'ya'yanta har suka girma.

Ke ce mai murya, Bibi, uwar furannin ulu! Babu sunanki a bayan darduma ko ɗaya, amma mu mun san muryar wa ake takawa a manyan gidaje. Mun gode, Allah ya sanyaya miki idanun nan.

Ku kuma masu ba da umarni wasu na aiwatarwa, ranar da aiki ya karkace, ku riga kowa cewa, "Ni ne."