Batirin Hagu na Motar Baba

Mahaifinmu direban soja ne kafin ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu, can gaba da Wagini. Bai dawo da wani abin a zo a gani ba, sai wata tsohuwar jif koriya da ya saya a gwanjon barikinsu. Ba ta da gilashin gefe, rufinta tamfol ne, kujerunta kuwa in ka zauna a kansu daga ƙauye zuwa Batsari sai ka kwana biyu kana jin su a ƙugunka. Amma duk laka da yashin da ke tsakaninmu da titi ba su taɓa riƙe ta ba. Ita ta kai mata masu naƙuda asibiti, ita ta kwaso wake da gero in jakuna sun gaza. Mutanen gari ba sa cewa motar wane, sai dai motar Kofur.

Da shekaru suka ja, babura suka cika gari, idon Baba ma ya rage, sai fitarta ta yi wuya. Ya samo mata wuri a gindin dalbejiya, tsakanin ƙofar gidanmu da katangar masallaci. Kullum da safe sai ya goge ta da tsumma, ya shiga ya tayar da ita ta ɗan yi gurnani, ya kashe. Wannan ya ishe shi farin cikin yini.

Sai ta fara ƙin tashi. Ya murɗa makulli, ta yi ƙyas, ta yi shiru.

Irin waɗannan motoci na soja batir biyu gare su, a cikin akwatin ƙarfe bayan kujera, an haɗa su da waya mai kauri, kuma sai da ƙarfinsu tare injin yake juyawa. Abin mamaki, kullum na hagu ne ke mutuwa. Yayanmu, babban ɗan Baba, wanda ke sayar da hatsi a kasuwar Batsari, ya sayo sabo aka saka. Bai daɗe ba shi ma ya bi sahun na farko. Aka sake, aka maimaita. Baba ya koma ciro batirin yana ɗora wa jaki zuwa Wagini a yi masa caji. Wata rana wajen saukewa ya suɓuce masa, suka faɗi tare, ruwan batir ya cinye masa gefen riga ya ƙona masa ƙauri.

Ranar da Yaya ya ga ƙunar nan ransa ya ɓaci ƙwarai. Ba mugu ba ne, mutum ne mai yanke magana kamar yana auna masara, in tiya ta cika ta cika. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, “Baba, motar nan ta gama zamaninta. Yau ƙauri ne, gobe ban san mene ne ba. Na yi magana da mai gwangwan, zai zo ya duba ta.”

Mai gwangwan shi ne mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya farfasa ya loda wa babbar mota. Baba ya riƙa shafa ƙaurinsa. Ni kuwa, da nake koyarwa a firamare a Batsari nake zuwa gida ƙarshen mako, na ji kamar an ce za a yanka wani a gidan. Na san in aka ja motar nan daga gindin dalbejiya, Baba ba zai ƙara samun dalilin fitowa ƙofar gida da safe ba. Na bi Yaya har wajen babur ɗinsa muka yi ta sa-in-sa. Da ƙyar ya yarda in kawo wani mai gyaran wutar mota na Safana da direbobi ke yabo, in ya kasa, shi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauko shi a bayan babur. Gajere ne mai surutu, tun daga Safana har gida bakinsa bai huta ba, ya ba ni tarihin duk tarakta da tifa da ya taɓa tayarwa. Amma da ya ga motar sai ya yi tsit, ya zagaya ta yana taɓa jikinta. Ya gaida Baba har ƙasa, ya ce, “Baba, irin wagga rabona da ita tun ina wajen ubangidana.” Nan take na ga fuskar Baba ta saki.

Ya buɗe akwatin, ya kwance murafun batiran yana leƙawa. Na dama ruwansa ya ja baya, har da wari kamar an dafa shi. Na hagu ruwansa cike, amma da ya ɗora masa mitarsa allurar da ƙyar ta ɗaga. Ya ce, “Ikon Allah. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, wannan ya ƙoshi har yana amai, wannan yana kwana da yunwa.”

Muka kira matasa suka tura ta ta tashi. Ya danna fambel, robar da ke juya dinamo, da babban yatsa, ya ce ba ta saki ba. Ya auna wutar da dinamo ke bayarwa, ya ce lafiya lau, tana caji kamar sabuwa. Sai ya sa aka kashe ta. Ya cire waya daga kan batir, ya jona wani ɗan ƙwan fitila tsakanin wayar da batirin. Ya yi mana bayani cewa in akwai wani abu da ke satar wuta bayan an kashe mota, ƙwan zai kama. Muka zuba ido. Ƙwan bai ko yi ja ba. Ya jijjiga wayoyi, ya shiga ƙarƙashi ya fito da ƙasa a ƙeya, ya taka birki, ya sake gwadawa. Babu komai.

“Baba, akwai rediyo da kake jonawa?”

“Babu.”

“Yara ba su cajin waya a jikinta? Fitila fa, ko ta masu shayi?”

Baba ya ɗaure fuska. “Yaro, ni soja ne. Wagga mota ko kaza ba ta hawa kanta sai da izinina. Ba a jona mata komi.”

Mai gyara ya share gumi ya zauna a kan tabarma. Surutun nan duk ya ƙare. Aka kawo masa fura daga cikin gida ya karɓa yana kallon motar, ni kuma ina kallonsa. Ana haka sai ga Yaya a kan babur, ya goyo mai gwangwan. Mutumin ko gama gaisuwa bai yi ba ya fara ƙwanƙwasa ƙofar motar da ɗan yatsa, yana karkata kai yana sauraron kaurin ƙarfen. Wallahi da ba don idon Baba ba, da na ce masa ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu.

Rana ta take tsaka, Azahar ta yi. Sai ga ladanin masallacinmu ya fito. Sa’an Baba ne, tare suka yi kiwo suna yara, siririn tsoho wanda shekaru suka cinye masa murya har ta koma kamar zare. Yana janye da wata doguwar waya mai maƙalai biyu a baki, ja da baƙi. Ya tsaya ya gaida kowa, ya tambayi mai gyara hanya da iyali, ya yi wa Baba ya jiki. Sannan ya miƙa hannu cikin akwatin da ke buɗe ya maƙala wayarsa a batirin hagu, don shi ne ta wajen katanga, iyakar inda wayar ke kaiwa ke nan. Ya juya ya shige masallaci. Lasifikar da ke ɗaure a reshen dalbejiya ta yi ƙara, kiran salla ya cika gari.

Mai gyara ya tsaya da ludayi a hannu, baki buɗe. Amma ana kiran salla, ba damar magana. Haka ya haƙura muka amsa kira, muka yi alwala, muka bi jam’i. Ina jin a sahun nan babu wanda ya ƙagu a sallame kamarsa.

Muna fitowa ya tari Baba. “Baba, ba ka ce ba a jona mata komai ba?”

“Ba a jona mata komi mana.”

“To wannan fa?”

Baba ya dubi wayar, ya dube shi, kamar an tambaye shi me ya sa yake numfashi. “Wannan ai kiran salla ne.”

Dariya ta ƙwace wa mutane, har da mai gwangwan. Gaskiyar magana duk wanda ke wurin ya sha ganin wayar nan, tun lokacin da batirin masallaci ya lalace Baba ya ce a riƙa jonawa a motarsa. Ta zama kamar buta da tabarma, ba wanda ke lissafa ta cikin kayan wuta. Baba ya ƙara da cewa, “Magana ce fa, ba fitila ba. Sunan Allah zai cinye batir? Ni a ganina albarka ma yake ƙara mata.”

Mai gyara bai yi masa dariya ba. Ya tambaya ko kiran salla kaɗai ake yi da ita. Aka ce har da sanarwar rasuwa da ta suna, da cigiyar akuya, da tafsirin azumi gaba ɗaya. Ya jinjina kai. Ya ce akwatin lasifika wuta yake ci kamar kowane inji, kuma daga batir ɗaya yake ci. Ita kuwa dinamo ba ta san wane ne mai yunwa ba, daidai take zuba wa biyun. Shi ya sa na dama ke dahuwa, na hagu ba ya taɓa cika. Ko sabo aka kawo kullum, haka zai ƙare.

Ladan ne ya ba ni tausayi. Ya tsaya riƙe da wayarsa da ya naɗe, kansa a ƙasa. Ya ce, “Ashe ni ne na ƙona maka ƙafa, Kofur. Ka yafe mini. Zan koma kira da bakina.” Kowa ya san bakin nasa ko rijiyar bayan masallaci ba ya kaiwa.

Yaya ya yi maza ya ce babu komai, shi zai saya wa masallaci sola da batirinsa, a raba wayar da motar. Ya ce ta haka mota za ta warke, Baba ya riƙe abarsa, ladan ya ci gaba da kiransa. Mutane suka hau sa masa albarka. Ni ma na ji sanyi a raina, har na fara hararar mai gwangwan da murmushi.

Sai Baba ya ce, “Ba za a cire ba.”

Yaya ya sassauta murya. “Baba, in ba a cire ba za ta sake mutuwa, ka sake ɗaukar batir. Ni kuwa ba zan zuba ido ba, sai dai a sayar.”

Baba ya dafa murfin injin. Da ya fara magana, ba Yaya yake kallo ba.

“Ku ba ku san abin da irin wagga mota take ɗaukowa ba. Na tuƙa ’yar’uwarta a ƙasar da aka kai mu yaƙi. Da safe in kai samarin sojoji suna waƙa a baya, da marece in kwaso su a kwance. Ni ke wanke bayanta da hannuna. Tun da Malam ladan ya fara jona wayarshi, duk sanda na ji kira ya tashi da wutarta, sai in ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjina. In za a raba ta da wannan, to ga mai gwangwan nan, ya ja ta yau.”

Tun da nake, ban taɓa jin Baba ya ambaci yaƙin nan ba, ko mahaifiyarmu ba na jin ta taɓa ji. Idona ya cika, na ji kunyar jama’a, na kuma ji ƙaunar tsohon nan ta kama ni yadda ban taɓa ji ba. Ladan ya sa hannun riga yana goge fuska.

Yaya ya cire hularsa, ya sosa kai, ya mayar. Ya juya wajen mai gyara. “Malam, babu wata dabara?”

Mai gyara ya ce akwai, amma ba magani ba ne, lallaɓawa ce. A ƙara wa wayar tsawo, yau a jona a hagu, gobe a dama, kada ɗaya ya riƙa ɗaukar nauyin shi kaɗai. Kuma tayarwar nan ta ɗan lokaci ba ta isa ba, sai an riƙa fita da ita tana zagayawa. Tafsiri da cigiyar akuya kuwa a bar wa sola. Duk da haka, in ji shi, wata rana za ta ƙi tashi.

“In ta ƙi, masu fitowa daga Asuba su tura,” in ji ladan. “Ai da wutarta suka tashi.”

Yaya ya ja mai gwangwan gefe ya ba shi haƙuri, ya sa wani ya mayar da shi bakin titi. Mai gyara ya zaro waya daga jakarsa ya yi ƙari, ya naɗe mahaɗin da baƙin salatif. Kafin ya gama La’asar ta kawo jiki. Ladan ya miƙo hannu zai karɓi wayar, Yaya ya riga shi. Ya tattare babbar rigarsa ya sunkuya cikin akwatin, yana laluben batirin dama, mutumin da ko murfin motar bai taɓa buɗewa ba.

Baba ya matso da ɗingishinsa ya tsaya a kansa.

“Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Kada ka ƙona mini mota.”

“To, Baba,” in ji Yaya.