Gulmar Ƙarshe Kafin Larabar Toka

Matar nan magulmaciya ce, kuma ba ta ɓoyewa. Gajeruwa ce mai wushirya, tana zaune a shagon tela tana jiran a kalmashe mata bakin sabon ɗankwali shunayya. Bakinta ya fi keken ɗinkin gudu. Cikin minti goma mun san wadda ta yi yaji da wanda yake rina furfura.

"Yau ce ranar ƙarshe, dole in zazzage buhun!" in ji ta, tana tafawa da matar da ke kusa.

'Yar Katolika ce. Gobe Larabar Toka, farkon azuminsu na kwana arba'in, ita kuwa gulma take wa azumi. Cocinsu na sauya launi bisa lokaci, ɗankwalinta na bi: kore a ranakun yau da kullum, shunayya lokacin tuba, fari ranar Ista, idin da ke rufe azumin. Ta ce Fada, limamin cocinsu, ya koya musu cewa shekara zagayowa take, amma kowane zagaye mutum ya fi bara tsarki, ko da taki ɗaya.

"Iya, bara kwana nawa kika yi ba gulma?" in ji tela.

"Tara! Bara waccan uku. Ka raina?"

Shago ya kwashe da dariya. Sai wata ta tambaye ta labarin ƙanwarta, ita kuwa ta karɓi ɗankwalin ta shiga ninkewa. Ina zaton bakin nan ne ya raba su, kuma bana so take su ci abincin Ista tare.

A bakin ƙofa ta juyo. "Don Allah, daga gobe duk wanda ya ji na ce 'kun ji labari?', ya fizge ɗankwalin nan ya toshe mini baki."