Ƙwan Zabi a Gaban Babur

Hamman yana tsaye a bakin kasuwar Haɗeja riƙe da kekensa, idonsa ya ƙi barin wani baƙo. Siriri ne, hularsa ta koɗe, yana durƙushe gaban babur yana shafa shi kamar doki. Babur ɗin tsoho ne tukuf, irin wanda Bature ke bari idan zai koma gida, amma ƙafafun gaba masu shanye gargada sababbi fil. Da gani daga jikin wani babur aka ciro su. Yana dannawa suna nutsewa, su taso a hankali.

Malamin gona ne ko na asibiti? Ko ma wane ne, bai san ciwon kafaɗa ba.

Baƙon ya sayi ƙwan zabi, ya rataya kwandon a gaba.

"Ɗan nan, ba ka zuba ƙaiƙayi?" in ji tsohuwa mai ƙwai.

"Inna, ƙafafun nan sun isa."

Ya nufi Kirikasamma ta fadama, inda sawun shanu ya bushe ƙarau, inda jiya Hamman ya fasa rabin nasa ƙwan duk da ƙaiƙayi. Yau ba can Hamman za shi ba, amma ya hau keke ya bi sawu, yana duban ƙasa ko Allah zai sa ya ga gwaiduwa.